Sirrin Butar Habasha: Me Ya Sa Tafasa Ba Ta Ɓata Gahawarsu?

Masu dafa gahawa a manyan shagunan Turai da Amurka suna da ƙa'ida guda da ba sa wasa da ita: kada a zuba ruwa yana tafasa a kan garin gahawa. Zafin da suka yarda da shi yana tsakanin digiri 90 da 96 a ma'aunin Selshiyas. In aka wuce nan, in ji su, ɗaci zai danne ƙamshi.

To, amma a Habasha, inda bishiyar arabika ta samo asali, mace takan zuba garin cikin jabana, butar yumɓu mai dogon wuya, ta ɗora a kan garwashi har ruwan ya taso. Duk da haka baƙi suna kurɓa suna santi. Ko dai ƙa'idar ce ba ta da tushe, ko akwai wani abu a ƙasar da ido bai gani ba.

Abin da aka fara zargi shi ne ƙwayar kanta. Arabika ba ta kai nau'in gahawar robusta ɗaci ba, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinta kusan rabin na robusta ne. Sai dai buhunan gahawar yankunan Sidama da Yirgacheffe da Harar ana kai su Hambug. Ƙwayar ba ta canja ba a hanya, amma can ɗin ana gargaɗin a kiyayi tafasasshen ruwa. Ke nan ba ita kaɗai ba ce.

Sai suya. Uwargida tana wanke ɗanyar ƙwaya, ta soya a kasko a gaban baƙi, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, sannan ta daka a turmi. Sabuwar suya tana ba da ƙamshi, babu musu. Amma sau da yawa ana soyawa har ƙwayar ta yi baƙi tana sheƙi, kuma suya mai nisa ƙara ɗaci take yi. Wannan ma ƙara ɗaure kai ya yi. Sukari da ake sakawa a birni, da gishirin da wasu ƙauyuka ke amfani da shi, suna rage ɗaci a harshe, amma ba sa gyara gahawar da ta riga ta lalace a wuta.

Saura abu ɗaya da ba a duba ba: inda murhun yake zaune. Addis Ababa tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,350 daga bakin teku. Ruwa yana tafasa ne idan ƙarfin tururinsa ya kai nauyin iskar da ke danne shi. Yayin da ake hawa, iska tana raguwa, sai ruwa ya tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Kowace mita 300 tana rage kusan digiri ɗaya. A Legas ruwa sai ya kai 100. A Addis Ababa yana ɓararraka a wajen 92, kuma ko an cika murhu da gawayi ba zai wuce nan ba, domin duk ƙarin wuta tururi yake zama. Ashe tafasar Addis Ababa tana cikin iyakar da masana suka shata. Tudun ne ke riƙe da ma'aunin.

Da a nan aka tsaya, da an samu rabin amsa ne kawai. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun dafa gahawa a digiri 87 da 90 da 93, suna daidaita sauran abubuwa yadda ƙarfin gahawar da yawan abin da ruwa ya tatso daga gari za su zo ɗaya. Ƙwararrun masu ɗanɗanawa ba su ji wani bambanci mai yawa ba. Abin da wannan ya nuna shi ne, babban aikin zafi shi ne sauri. Kusan kashi 30 cikin 100 na ƙwayar ne ke iya narkewa, kuma tun binciken Ernest Lockhart a shekarun 1950 ake ganin daɗin yana tsakanin kashi 18 da 22. Ƙasa da haka, tsami da salam. Sama da haka, ɗaci da bauri. Ruwa mai digiri 100 yana saurin tsallake wannan iyaka, mai 92 kuwa yana ba mai dafawa sarari.

A nan hannun uwargida ya shigo. Da ruwan ya taso cikin wuyan jabana, sai ta sauke, ta ajiye a kan gammo a karkace, garin ya kwanta, sannan ta tsiyaya cikin finjalai. Ana ƙara ruwa a mayar wuta har zagaye uku: abol, tona, baraka. Zafin tafasa ɗaya ne a dukansu, amma kowane zagaye ya fi na baya sauƙi, saboda abin da ya rage a garin ya ragu.

Don haka mai son gahawa ya fara sanin tsayin garinsa. A Kano, inda ruwa ke tafasa a wajen 98, ya sauke buta ya ɗan dakata kafin ya zuba. A Jos, tafasar tana wajen 96, ba sai ya jira ba. A La Paz ta Bolibiya kuwa, inda ruwa ba ya kai 90, sai a niƙa garin da laushi ko a bar shi ya daɗe cikin ruwa.