Sai Wutsiya Ta Tsallake Layi

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da filin jirgin sama na Lafiya da ke Kwandare a Fabrairun 2022, aikin da aka faro zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, hirar gari ba ta wuce gini da kuɗin da ya ci. Ba mai zancen fenti, alhali a kowane filin jirgi akwai layuka huɗu ruwan ɗorawa da rayukan fasinjoji suka rataya a kansu.

Ana shata su ne a gicciye kan hanyar da jirgi ke bi ya shiga titin tashi da sauka, biyu a miƙe, biyu a gutsuttsure, da jan allo mai farar lamba a gefe. A manyan filaye sukan yi nisan mita 75 zuwa 90 daga tsakiyar titin. Matuƙin da ya tarar da miƙaƙƙun a gabansa dole ya ja birki, ko hancin jirgin ba zai leƙa ba sai hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ba da izini.

Wajen fita daga titin ne hankali ke yaudarar mutum. Duk wanda ya taɓa ganin tirelar doya tana kwana a hanyar Makurɗi ya san kai kan shige, gindi na tare hanya. Haka jirgi yake. Matuƙi na can gaba, ba ya ganin bayansa, ga dogon jiki na biye da shi. Shi ya sa ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ma'aikatan hasumiya na NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Nijeriya, ke aiki da ita, ba ta ɗaukar jirgi ya bar titi sai ilahirin jikinsa, har wutsiya, ya tsallake layukan. A ganina, inda ƙa'idar ta fi muhimmanci shi ne lokacin hunturu, sa'ad da hazo kan hana na hasumiya gani, ya koma dogaro da bakin matuƙi.

Ga misali: ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na Sifaniya, hazo ya rufe fili, jirgin kamfanin Pan Am bai kai ga fita daga titi ba na KLM ya taso a guje. Matuƙin Pan Am ya faɗa cewa suna kan titin, amma maganarsa ta ci karo da ta hasumiya a rediyo, sai ƙara kawai 'yan KLM suka ji. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu.