Gida naka, ƙasa ta wa? Darasi daga Nima da Mamobi

Duk ɗan kasuwar da ya sauke kaya a Accra, birnin da mutanen Zango ke kira Ankara, ya san Nima da Mamobi. Hausa ake yi a kasuwa, ladan na kiran salla, har mutum ya ɗauka a Kano ko Maraɗi yake. To amma kafin ka zuba jarinka a gida ko rumfa a can, sai ka tambaya: ƙasar ta wa ce?

A shekarar 1931 Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu izinin zama a Nima daga iyalan Odoi Kwao, 'yan ƙabilar Ga na Osu. Shi ya riƙa yanka wa baƙi filaye suna gini. Haka Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya fito daga Katsina, ya kafa Sabon Zango a filin da sarakunan Ga suka ba shi. Ke nan tun asali ikon sarkin Zango a kan jama'a yake: ya sauki baƙo, ya raba gardama, ya tsaya wa nasa. Tushen ƙasa kuwa yana hannun masu gari.

Bisa waɗannan biyu akwai gwamnati. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su fice daga Gana. Mutanen Nijeriya da Nijar da dama suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu ma suka bar su haka nan. A watan Yulin 2021 kuma aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a wajen gari, daɗewarsu a wurin bai hana ba.

Me doka ta ce? Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili har abada. Haya kawai zai samu, wadda ba ta wuce shekara 50 a ƙulli guda. Dokar filaye ta 2020 ta ƙara jaddada haka.

Saboda haka idan dillali ya ce maka "an sayar maka", ka nemi sanin iyalan da ke da tushen filin, da shekarun da suka rage a hayar, sannan ka je Hukumar Filaye a bincika, a yi maka rajista. Shaidar sarki da liman tana da daraja, amma ranar shari'a takarda alƙali zai nema. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.