Kafin ka ɗora kwamfutar a kan babur zuwa birni

Kusan duk kwamfutar tebur da za ka gani a shagon buga takardu ko ofishin makaranta a Shanono ta hannu ce. Yawanci Dell ce ko HP da ta gama aiki a wani ofishi a Turai ko Amurka, ta sauka a Legas, ta biyo ta hannun 'yan kasuwar titin Beirut a Kano. Injuna ne masu ƙwari, amma an ƙera su ne don ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya. Nan kuwa ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga janareta. Ranar da ta ƙi tashi sai ka ji an ce bod ya ƙone, alhali sau da yawa matsalar ba ta kai kuɗin motar zuwa Kano ba.

Fara da wuta. Idan ka danna makunni ba fitila, ba motsin fanka, gwada soket ɗin da cajar waya, sannan ka sauya wayar wutar da ta allon, domin galibi bakinsu iri ɗaya ne. Duba bayan akwatin: wasu tsofaffin injuna suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya 230 ce. Wadda ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, kuma idan aka jona ta haka, fawa-fak ɗin, wato ɓangaren da wayar wuta ke shiga, zai yi ƙara ya ƙone nan take. Ko da ya ƙone, shi kaɗai ake sauyawa. Amma kada ka kwance shi, yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Idan fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, saurara. Injin yana faɗin ciwonsa da ƙara ko ƙyaftawar fitila. A tsofaffin HP na ofis, ƙara biyar tare da jar fitila na nufin ram. Dell kuma fitilar makunninta kan koma ruwan lemo. Ram shi ne ɗan siririn allon nan mai haƙora ruwan zinariya, kuma shi na fi zargi a ƙasarmu, don jijjigar hanya tana sassauta shi, ƙura kuma tana shiga tsakanin haƙoransa. Zare wayar wuta, danne makunni na 'yan daƙiƙu, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki. Wannan taɓawar ba camfi ba ce: ɗan tartsatsin da kake ji a jikin mayafi lokacin hunturu ya isa ya kashe ram. Ɓalle maƙallan gefe biyu, goge haƙoran da kilinar fensir a hankali, ka mayar har sai ka ji ya ce ƙas. In guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma a ramuka daban-daban. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa kana kunnawa. Wanda ya taɓa abu uku lokaci guda ba zai san wanne ne ya gyara ta ba, gobe kuma matsalar ta dawo.

Akwai wadda ke tashi lafiya, sai an yi nisa da aiki fanka ta hau gurnani, ta mutu da kanta. Zafi ne. Furosesa yana kashe kansa don kada ya ƙone. Buɗe ka ga yadda ƙura ta toshe ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar. Fitar da ita waje, riƙe fankar da yatsa, ka hure da bulowa ko ka share da busasshen burushi. Idan ba ta daina ba, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe, sai a goge a ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa. A daina ajiye akwatin a ƙasa, a kuma daina lulluɓe shi da zane yana aiki.

Kwanan wata da ke komawa baya duk safiya kuwa ɗan batir ne mai lamba CR2032, ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

Wanda ke ba ni tsoro shi ne had-dis, inda takardu ke zaune. Idan ka ji yana ƙas-ƙas, ko injin ya riƙa sandarewa, ko ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba, matsa wayoyinsa biyu tukuna. In ta tashi, kada ka jira gobe: kwashe sakamakon ɗalibai da takardun mutane zuwa filas a lokacin. Ɗaukewar wuta farat ɗaya na cikin abin da ke lalata shi, shi ya sa UPS, mai riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ya fi sabon sifika muhimmanci, kuma a kashe kwamfuta kafin a kashe janareta.

Bod ɗin kansa shi ne na ƙarshe. Haska tocila ka duba 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kansa. Kansu a shafe ya kamata ya kasance. Idan ya kumbura ko yana tsatso wani abu ruwan ƙasa, sun mutu, cutar da ta addabi Dell OptiPlex GX270 da GX280. Wannan, da warin ƙuna, aikin mai gyara ne. Rubuta abin da ka gwada da yawan ƙarar da ka ji, ka tafi masa da akwatin kaɗai, a kuma kunna ta a gabanka kafin ka biya.