Wanda Ya Taka da Safe, Me Ya Hau da Yamma?

Rabin matan Ghana masu shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya zarce abin da ya dace da tsawonsu. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2022 ne ya nuna haka, amma wanda ya zauna a unguwar Nima ko Mamobi a Accra ba sai an kawo masa takarda ba. Ana hirar a gidan suna, ana yin ta a kan bencin asibiti ana jiran kira: gwiwa ta ƙi, jini ya hau, likita ya ce a rage jiki. Maza ma abin bai ƙyale su ba, sai dai nasu a tumbi yake taruwa. Da zarar mutum ya ƙudura zai rage, karin kumallo yake fara yankewa, domin shi ne mafi sauƙin bari: a waje ake sayen sa, ba wanda ya ɓata lokaci ya girka balle ya ji haushi an ƙi ci, ga kuma gaggawar fita. Sai ka ji ƙanwa tana gaya wa yayarta, "Yaya, ni fa na daina shan koko, sai azahar nake sa wani abu a bakina." Kafin ta rufe baki an tare ta: "Kul! Ai rashin karyawar nan shi ke kawo ƙiba." Kowacce kuma da bidiyon da ta gani a waya.

Duk lokacin da wannan gardama ta tashi, ɗan kasuwar da ke son adana kuɗin mota nake tunawa. Gidansa a Nima, rumfarsa a Tudu. Ya buga lissafi ya ga kuɗin motar haya ta trotro na safe kullum yana gutsurar ribarsa, sai ya ce daga yau da ƙafa zan riƙa tafiya. Ya idar da sallar asuba ya kama hanya, yaron mota yana ƙwala kiran fasinja, ya kau da kai. Ya isa rumfa da kuɗinsa a aljihu, wannan babu ja. Amma ba za a ce ya adana ba sai an ga yadda ya komo. Wani zai komo a trotro kamar kullum, kuɗin safe ya zama nasa. Kaɗan ne, amma in ya taru wata guda ya isa a yi wani abu da shi. Wani kuwa rana ta dake shi, ƙafa ta yi tsami, yamma ta yi ga layi a tasha ga cunkoso, sai ya ce wallahi yau ba zan iya ba, ya ɗauki shatar tasi har ƙofar gida, ya biya ninkin-ba-ninkin abin da ya hana yaron mota da safe. A ransa kuma yana jin halak ɗinsa ne, tunda ya sha wuya. Ka tambaye shi ya ce maka shi mai tattali ne, da ƙafa yake zuwa kasuwa, kuma bai yi ƙarya ba. Ƙarshen wata ne zai zauna yana mamakin inda kuɗin suka shiga.

Wadda ta bar kokon safe ta taka da ƙafa. Abin tambaya shi ne me ta hau da yamma.

Masana sun gwada wannan ba sau ɗaya ba. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Monash ta Ostireliya suka tattara gwaje-gwaje 13 da aka yi, inda ake raba mutane gida biyu da ƙuri'a, waɗannan su karya, waɗancan su bari, suka buga abin da suka samu a mujallar likitoci ta BMJ. Masu karyawa sun fi cin kimanin kalori 260 a yini, masu bari kuma sun fi su sauƙin nauyi da abin da bai cika rabin kilo ba. Ke nan galibin mutane ba shatar tasi suke yi ba: sukan ƙara loma da rana, amma ba su cika mayar da duk abin da suka bari da safe ba. Adanawar gaskiya ce, sai dai ƙarama ce ƙwarai, kuma masu binciken da kansu sun ce gwaje-gwajen na ɗan gajeren lokaci ne. Tun kafin su, a 2014, an yi wani gwaji a kan mutum kusan 300 masu son rage ƙiba, tsawon mako 16, aka ce wa wasu su karya, wasu su bari. Da aka hau sikeli, babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu.

Akwai maganar da ake yawan yi, wai karin kumallo ne ke tayar da jiki ya riƙa ƙone abinci da sauri, in ba a karya ba sai jiki ya tsorata ya shiga tara kitse. A Jami'ar Bath ta Ingila an auna wannan, shi ma a 2014, tsawon mako 6, aka tarar yawan abin da jiki ke ƙonewa yana hutawa bai sauya ba, an karya ko ba a karya ba. Amma sun ga wani abu da ya fi ba ni sha'awa: waɗanda suka karya sun fi kai-komo da motsa jiki, musamman da hantsi, ba tare da an ce su yi ba. Ɗan kasuwarmu ke nan da ya iso rumfa a gajiye ya zube a kan benci, mai saye yana wucewa ya kasa tashi ya tare shi. Ya riƙe kuɗin mota, ya saki ciniki.

To ina aka samo cewa rashin karyawa na sa ƙiba? Daga kallon jama'a. In aka ƙirga mutane da yawa, lallai za a ga masu barin karin kumallo sun fi ƙiba. Amma su ne kuma suka fi raba dare, suka fi cin abinci a makare, suka fi ƙarancin barci. Wasu kuma ƙibar ce ta riga zuwa, ita ta sa suka daina karyawa, kamar ƙanwar nan da ta bar koko. Kamfanonin Amurka masu sayar da hatsin karin kumallo na kwali su ma sun yi shekaru suna talla da wannan magana har ta zauna a kunnen duniya.

Mu a zango muna da namu gwajin da muke yi kowace shekara, wata guda cur. A Ramadan babu koko da hantsi, babu abincin rana, kuma binciken da aka tattara daga ƙasashen Musulmi da dama ya nuna mai azumi kan rage abin da ya ɗan haura kilo ɗaya, sa'an nan nauyin ya dawo makonni kaɗan bayan salla. Kowa kuma ya san wanda ke fita daga azumi wandonsa ya ƙara matse shi, kuma kowa ya san dalili, don ya ga faifan buɗa-bakinsa: ƙosai, masa, soyayyar doya, lemon kwalba mai sanyi, kafin a zo ga tuwo bayan tarawihi. Azumi ibada ne, ba don sikeli ake yin sa ba. Amma ya isa ya nuna mana cewa wuni da yunwa kaɗai ba ya rage mutum in dare zai biya bashin.

Yanzu a zo a tsaya wurin mai koko, don ina ganin ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Tun duhun asuba Hajiya ta kafa babbar tukunyarta a bakin titi, a naɗe da ƙyalle da leda don kada zafi ya fita. Ta buɗe, ƙamshin citta da kanumfari da masoro ya bugi hanci. Gero ne aka jiƙa, aka niƙa, aka tace, aka bari ya yi tsami, aka dama. A gefe yarinyarta tana tsamo ƙosai daga kasko, wake ne tsantsa da albasa da barkono. Gero da wake ba abincin da za a guda ba ne. Ka dai lura da abin da ke faruwa tsakanin ludayi da leda. Hannu ya shiga robar sukari ya fito a cike, mai saye ya ce, "Hajiya, ɗan ƙara mini," ta ƙara, don ba ta son ya koma wurin wata gobe. A tsiyaya madarar gwangwani, a ɗora fanke biyu da rabin burodi. Ƙaramin cokalin sukari guda kalori 16 ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar ƙananan cokula 12 a yini, a haɗa da na shayi da na lemo da na komai; in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Mutum zai iya cinye kaso mai tsoka na wannan a leda guda kafin ƙarfe bakwai. Babban cokalin mai kuma kusan kalori 120 ne, shi ya sa duk abin da ya yi iyo a kasko yake da nauyi fiye da girmansa. Wanda ya ce a rage masa sukari rabi, ya ɗauki ƙosai biyu ko ɗan ƙullin gyaɗa ya bar fanke da burodi, zai iya kusantar adanawar wanda ya bar karyawar ɗungurungum, kuma bai wuni yana hamma ba. Haka waakye: shinkafa da waken da aka dafa da karan dafi ba su ne matsala ba, tulin taliya da gari da man miya da ake jibgawa a kai ne.

Inda nake ganin kuɗin ke zurarewa shi ne bayan isha'i. Nima ba ta barci da wuri. Ƙarfe goma, sha ɗaya, teburin mai shayi a cike: Indomie biyu da ƙwai ana soyawa cikin mai, babban kofin Milo da madara mai kauri, burodi an shafe shi da bota. Can ga mai tsire, nan ga mai dokunu da soyayyen kifi. Saurayin da ya wuni ciki wayam yana ɗinki ko yana gyaran waya, nan yake zuwa ya rama, ya kora da lemon kwalba, ya kwanta. Gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan lemuka masu zaƙi a 2023, amma yunwar da aka tara tun safe ba ta duba farashi. Jiki kuwa ya fi iya sarrafa sukarin jini da safe a kan cikin dare, wannan sananne ne ga likitoci. A 2022 masu bincike a Jami'ar Aberdeen suka ba mutum 30 abinci daidai wa daida, wata guda mafi yawansa da safe, wata guda mafi yawansa da yamma. Nauyin da suka rage ɗaya ne, amma a watan da suka fi ci da safe sun fi samun sauƙin yunwa. A gwaji an auna musu abincin, ba halin ƙari. A titin Nima ba mai auna maka, yunwarka ce ke yin ciniki.

Shi ya sa in aka tambaye ni, nakan ce wanda zai yanka ya yanka daga dare. Na san ba shi da sauƙi kamar barin koko. Abincin dare shi ne na gida, wanda uwa ko mata ta tsaya a kan wuta ta tuƙa, kuma mayar da kwano da saura magana ce. Amma ana iya ci bayan magariba maimakon ƙarfe goma, a ɗauki malmala ɗaya a yalwata miyar ayoyo ko kuka, a bar zagayen mai shayi ya zama na wani lokaci. Wanda kuma Allah ya yi shi ba ya jin yunwar safe, yana wuni garau, da rana ya ci daidai, da dare bai rama ba, to ba dalilin tilasta masa karyawa don tsoron ƙiba. Wannan shi ne mai komowa a trotro, ɗan abin da ya adana nasa ne. Hanyar ganewa ba wuya: mutum ya yi mako biyu ko uku yana lura da gaskiya da abin da ke shiga bakinsa daga la'asar zuwa kwanciya a ranakun da bai karya ba, har da ruwan leda mai zaƙi da ɗan tsiren da ba a lissafawa.

Akwai kuma waɗanda wannan tafiyar ƙafa ba tasu ba ce sam. Mai ciki da mai shayarwa. Yaron makaranta, wanda uwa mai son rage jiki ba ta da hujjar haɗa shi cikin shirinta. Kuɗin kokonsa a ba shi, a kuma tabbatar koko ya saya. Masu aikin ƙarfi, irin 'yan matan da ke dakon kaya a ka a kasuwar Nima ranar Laraba da masu haɗa kankare a rana. Sai wanda na fi jin tsoro a kansa, mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide. Waɗannan magunguna suna saukar da sukarin jini ko an ci ko ba a ci ba. Dattijo ya sha ƙwayarsa da asuba ya fita ciki wayam don an ce masa yunwa na rage tumbi, hantsi ya yi sai gumi, rawar hannu, jiri, magana ta soma harɗewa, wani har ya faɗi a hanya a zaci wani abu ne daban. In aka ga haka kuma yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi nan take, a kai shi asibiti. Mai irin wannan magani kada ya taɓa lokacin cin abincinsa sai ya zauna da likitansa, a asibitin Mamobi ne ko Korle Bu ko duk inda yake karɓar magani, ya faɗa masa ƙarara cewa yana son rage jiki, a daidaita masa ƙwayar da abincin tare.