Gane Shekarun Tsohon Keken Tsere

Tsohon keken tsere ba ya zuwa da takardar haihuwa, amma ƙarfensa yana ɗauke da alamomin da ke nuna lokacin da aka ƙera shi. Wuri na farko da ake dubawa shi ne lambar da aka buga a jikin firam. A kekunan Raleigh na Ingila, tun daga tsakiyar shekarun 1970, harafin farko yana nuna masana'anta: N na nufin Nottingham, W kuma Worksop. Adadin farko da ya biyo bayan haruffan shi ne adadin ƙarshe na shekarar. Matsalar ita ce 4 na iya zama 1974 ko 1984, don haka lambar firam ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

A nan ne kayan da ke jikin keken suke da amfani. Kamfanin Shimano na Japan yana buga haruffa biyu a bayan kayansa. Na farko shekara ce, A tana matsayin 1976. Na biyu wata ne, A tana matsayin Janairu. Ke nan FC na nufin Maris na 1981. Campagnolo na Italiya yakan rubuta shekarar a kan na'urar sauya giya ta Nuovo Record, kusa da kalmar Patent. A bayan hannun feda kuwa, adadin da ke cikin da'ira yana nuna shekarun 1980.

Awo ma yana taimakawa. Tazarar da ke tsakanin bakin firam biyu, inda ƙafar baya take shiga, milimita 120 ce a kekuna masu giya biyar, ta koma 126 da aka kai giya shida.

Sai dai keken da ya shekara arba'in a kan hanya da wuya a same shi da kayansa na asali duka. Sarƙa da taya da sirdi su ne ake fara canjawa, shi ya sa ba a dogara da su. Idan hannun feda da birki da na'urar giya suka nuna shekara ɗaya, ko shekaru biyu a jere, akwai ƙarfin zaton tare suka fito daga masana'anta. Wanda ya saɓa musu da shekara goma, mai gyara ne ya sa shi daga baya, kuma wannan yana rage kuɗin keken a wurin masu tara tsofaffin kekuna.