Safar Hannun Mai Tsaron Gida da Zafin Bazara

A filayen ƙwallon makarantun Birniwa da Haɗeja, sau da yawa safar hannun mai tsaron gida takan lalace kafin zangon karatu ya ƙare, alhali kuwa da tsada aka sayo ta. Dalilin yana cikin abin da aka yi ta da shi.

Tafin safar soso ne da ake sarrafawa daga ƙaron itacen roba, irin wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta. Idan ƙwallo ta bugi soson, sai ya lotsa ya kama ta, ya kuma rage wa yatsu zafin bugun. Soso mai laushi ya fi riƙo, amma rairayi yakan cinye shi da wuri. Saboda haka mai wasa a fako gara ya zaɓi mai tauri. Wajen awo kuwa, akan auna kewayen tafin hannu da inci, ban da babban yatsa, a ƙara ɗaya.

Hasken rana da zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, su ne ke busar da roba har ta tsattsage. Ƙurar hunturu da gishirin gumi kuma sukan toshe ƙananan ƙofofin soson, ƙwallo ta riƙa sulluɓewa.

Don haka a ɗan jiƙa tafin kafin wasa. Bayan an tashi, a wanke safar da ruwan ɗumi ba tare da omo ba, a matse a hankali, sannan a shanya ta a inuwa.