Idan Fitsari Ya Ƙi Fita: Magungunan Kumburin Furostet

A lokacin hunturu, dattijon da ke gadin dare a wata masana'anta a Bompai ko Sharada yakan kamu da mura, ya sayi magani a kemis ya sha. Kafin asuba mararsa ta cika ta yi tauri, fitsari ko ɗigo babu. Wasu magungunan mura, musamman masu ɗauke da pseudoephedrine ko chlorpheniramine, suna iya ƙarasa toshe hanyar da dā ma ta ƙuntata.

Abin da ya ƙuntata ta shi ne furostet, wata 'yar tsoka mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kewaye da bututun fitsari. Tana girma da shekaru: kusan rabin maza masu shekara 60 tasu ta kumbura.

Wanda fitsarinsa ya tsaya cik, ba ƙwaya yake buƙata da farko ba. Sai an kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, an zura masa roba an zubar da fitsarin, domin jinkiri yana lahanta ƙoda. Bayan haka likita kan ba da tamsulosin ko alfuzosin. Waɗannan suna sassauta naman da ya shaƙe bututun, kuma cikin 'yan kwanaki akan gwada cire robar. Illarsu ita ce jiri idan mutum ya miƙe farat ɗaya. A ganina, duk ma'aikacin da ke tsayuwa gaban inji a majemun Challawa ya kamata ya gaya wa likita irin aikinsa tun kafin a rubuta masa su.

Finasteride kuwa, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992, rage girman furostet ɗin yake yi, ta hanyar hana jiki sarrafa sinadarin testosteron zuwa wani mafi ƙarfi. Sai dai yana son haƙuri, don yakan kai wata shida kafin a ga amfaninsa. Binciken MTOPS na 2003 ya nuna cewa haɗa shi da doxazosin ya fi kowannensu shi kaɗai hana ciwon ci gaba. Mace mai ciki kada ta taɓa farfasasshiyar ƙwayarsa.

Ɗalibi ya lura cewa tabon ciwon sanyi ma yana toshe bututun fitsari, kuma babu ɗaya daga cikin magungunan nan da ke buɗe tabo.